Alƙalan Waƙa a Motar Shinkafi

Ranar wata Alhamis na shiga motar haya daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, ranar kasuwa. Da muka bar gari sai direba ya kunna Bakandamiyar Ibrahim Narambaɗa. Wani saurayi ya ce a canza, wai kiɗan ɗaya ne daga farko har ƙarshe, a sa masa Aminu Ala. Nan take wani dattijo mai fataucin albasa ya waiwaya ya ce, “Yaro, kunnenka na bin kotso, shi ya sa maganar ta wuce ka.”

Gardama ta kaure. Dattijon ya nuna yadda Narambaɗa ke gina yabon Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya sako zambo ba tare da ya kama suna ba, 'yan amshi su karɓe. Saurayin ya ce Ala ma yana saƙa magana, kuma yana taɓo halin da talaka ke ciki yau. Wani mutumin Zurmi ya shigo da Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo, ya ce a gwada su ta wajen kaifin habaici. Na yi shekaru ina koyar da adabi a jami'a, amma ban cika jin sharhi mai ƙwari haka a bakin ɗalibaina ba.

Abin da ke damuna shi ne wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Waƙoƙin sun tsira: daga taskar Rediyon Kaduna suka koma kaset, daga kaset suka koma katin waya. Ko a 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara aka rufe kasuwannin mako, katin nan ne ya ɗebe wa mutane kewa. Sai dai kati ba ya faɗin wa aka yi wa zambo, ko me ya jawo waƙar. Sau da yawa ma mai tura waƙoƙi kan laƙaba wa waƙar wani sunan wani. Masu gyara kuskuren su ne dattawan da rashin tsaro ke korowa daga ƙauyukansu, ga kuma tsufa.

Mu malamai muna da laifi. Mukan rubuto baitoci, mu ƙirga salailai, mu manta da mai sauraro, alhali shi ne ya yanke hukuncin waƙar da za ta rayu. Ina ba sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu shawara su tura ɗalibai tashoshin mota da teburan masu shayi a Ƙaura, su naɗi muryar masu sauraro da izininsu, tsoho da yaro.

Da muka isa Shinkafi, saurayin ya roƙi direba ya tura masa Bakandamiyar. Dattijon ya ɗauki buhunsa ya shige kasuwa, ban ko tambaye shi ƙauyensu ba.