Ajin Babban Lissafi: A Faɗi Sharaɗi Tun Ranar Farko

Jama'a, ina roƙon ku ba ni hankalinku kaɗan, in yi magana a kan wani aji wanda ya fi ko wane aji saurin mutuwa a makarantunmu na sakandare. Shi ne ajin darasin nan da hukumomin jarrabawa su ke kira Further Mathematics, mu kuwa bari mu kira shi Babban Lissafi. Ba a tilasta wa ko wane yaro shi, zaɓa a ke yi. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san yadda abin ya kan kasance. A farkon shekara ajin ya kan cika maƙil, kowa yana so a ce da shi injiniya. Kafin hutun farko an fara zamewa, kafin a kai aji uku sai ka ƙirga waɗanda su ka rage da yatsun hannu. Wani wuri ma sai a share darasin daga tsarin karatu, a ce wai babu masu so.

In ka tambayi malami dalili, ya ce yaran ƙauye ba su da kai. In ka tambayi yara, su ce malam gudu ya ke yi. Ni kuwa a ganina abin da ya ke kashe ajin nan shi ne shiga cikinsa ba tare da sharaɗi ba. Yaro bai san abin da a ke nema daga gare shi ba, malami bai ɗaura wa kansa wata ƙa'ida ta kullum ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta, ajin lissafi kuwa tun daga makon farko.

Kada wani ya ce wannan magana ba ta shafe shi ba don ƙananan azuzuwa zai koyar. Na farko dai, harsashin Babban Lissafi a hannunku ya ke, gama a ƙananan azuzuwa a ke koyon kashi-kashi da farkon aljabara. Na biyu, a garuruwa irin namu Zadawa, duk wanda a ka ga ya iya lissafi shi a ke miƙa wa alli, ko ya shirya ko bai shirya ba. Gara ya shirya tun yana nan kwaleji.

To, mene ne cikin darasin? Akwai aljabara mai zurfi, da logaridam, da awon kusurwoyi, da jerin lambobi masu bin ƙa'ida ɗaya, da zanen layi da lanƙwasa bisa takarda mai gidaje, sa'an nan a ƙarshe a taɓa kalkulas, watau lissafin yadda abu ya ke sauyawa. Ko wane ɗaya bisa wuyan ɗan'uwansa ya ke zaune. Wanda bai iya aljabara ba ba zai iya awon kusurwa ba, wanda bai iya waɗannan biyu ba kuwa, shi da kalkulas sai kallo. A darasin tarihi yaro ya kan rasa mako guda ya dawo ya kama. A nan wanda ya rasa mako guda kamar mai hawa tsani ne da a ka zare masa matakala biyu.

Amfaninsa kuwa a fili ya ke. Yaron da ya ke so ya karanta aikin injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi, wadda a ka kafa a 1980 domin fasaha, ko ya karanta kimiyya a jami'ar jiha da ke Gaɗau, zai iske lissafin shekarar farko yana jiransa a bakin ƙofa. Wanda ya yi Babban Lissafi a sakandare tsohon sani zai tarar. Wanda bai yi ba zai zauna benci ɗaya da 'yan birni waɗanda su ka yi, ya riƙa tsammani sun fi shi ƙwaƙwalwa, alhali riga shi gani kawai su ka yi.

Ga sharuɗɗan da na ke ganin ya wajaba malami ya faɗa wa yaransa a ranar farko, ya sa su rubuta a shafin farko na littattafansu.

Na ɗaya, a gwada harsashi. A makon farko a ba su gwaji ƙarami a kan kashi-kashi da aljabara ta ƙananan azuzuwa. Ba don a kori kowa ba ne, don a san inda ginin ya tsage ne. Ga tambaya guda mai kyau daga lissafin gado: mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. Mata tana da sumuni, 'ya'yan suna da sulusi biyu, uwa da uba kowa sudusi. In an mayar da su bisa 24, sai a sami 3 da 16 da 4 da 4, jimla 27. Rabo ya fi dukiya ke nan, shi ya sa malaman gado su ke ɗaga asalin ya koma 27. Yaron da ya iya kawo wannan jimla ya iya kashi-kashi. Wanda ya kasa, a ba shi mako biyu yana gyara kafin a ci gaba.

Na biyu, ko wane yaro ya zo da littafin rubutu biyu, ɗaya na aji ɗaya na aikin gida, da abin ja layi, da abin zana da'ira, da littafin jadawalin logaridam. Wanda ya zo hannu rabbana ya zo kallo ne.

Na uku, kuma shi ne babba, a nuna hanya. Amsa tsirara ba ta da lada, ko da daidai ce. Ku dubi wannan: a ce yaro ya kawo tushen murabba'in jimlar 9 da 16. Da yawa su kan ce tushen 9 shi ne 3, tushen 16 shi ne 4, don haka amsa 7. Alhali 9 da 16 sun zama 25, tushensa kuwa 5. In 7 kaɗai yaro ya rubuta, malami ba abin da zai yi sai ya ja masa jan alƙalami, gobe ya sake yin irinta. In ya rubuta hanyarsa layi layi, malami zai sa yatsa a kan inda ƙafa ta zame. Masu duba takardun WAEC da NECO ma su kan ba da maki a kan hanyar aiki, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba.

Na huɗu, ba a dariya ga wanda ya yi kuskure a allo. Ranar da aji ya yi wa yaro ihu, ranar ya daina tambaya. 'Yan mata sun fi shan wannan wahala, kuma na ga da yawa daga cikinsu sun bar darasin saboda kunya, alhali littattafansu sun fi na maza tsabta da daidai.

Amma fa sharaɗi ba a kan yara kaɗai ya ke ba. Malami ma ya faɗi nasa da bakinsa a gabansu: zai shigo a kan lokaci, zai warware ko wace tambaya a gida kafin ya kawo ta aji, zai mayar da littattafai cikin kwana biyu, ba kuwa zai tsallake babi don shi kansa yana tsoronsa ba. In wani babi ya gagare shi, ya nemi wanda ya fi shi ya koya, gaba da gabanta. Yara sun fi kowa gane malamin da bai shirya ba. In su ka ga ya cika nasa alkawari, ba sai ya ɗauki bulala a kan nasu ba.

Sai kuma ƙa'idar kullum. Darasi na minti 40 ga yadda na ke so a kasa shi. Minti biyar na farko, tambayoyi biyu na jiya suna bisa allo tun kafin yara su zauna, kowa ya kama aiki ba tare da an ce masa ba. Minti biyar a duba aikin gida, yara su yi musayar littattafai. Minti goma malami ya kawo sabon abu, da misali biyu, ɗaya mai sauƙi ɗaya mai tauri. Minti goma sha biyar yara su yi da hannunsu, malami yana zagayawa tsakanin benci. Minti biyar na ƙarshe yaro ɗaya ya fito allo ya bayyana abin da ya yi, a ba da aikin gida. Ran Juma'a gwaji na minti goma. Ku lura, rabon malami na magana bai wuce rubu'in darasi ba. Ba a koyon lissafi da kunne, kamar yadda ba a koyon noma daga gindin inuwa.

Bayani kuma, in ya cije da Turanci, a juya shi da Hausa har yaro ya gane, sa'an nan a sa shi ya rubuta da Turanci, tun da da shi za a yi jarrabawa. Misali kuwa a ɗauko shi daga ƙofar gida. Ko wane yaron Zadawa ya ji a makarantar allo cewa lokacin la'asar yana shiga sa'ad da inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an fitar da inuwar tsakar rana. To, sa'ad da inuwar sanda ta yi daidai da tsawon sandar, rana tana bisa digiri 45 ke nan. A daidai wannan lokaci in ka auna inuwar kuka ko hasumiyar masallaci ka sami tsawonta ba tare da ka hau ba. Ƙasar Azare tana wajen digiri 11 da 'yan kai arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara, wajen 20 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta, rana ta kan tsaya tsaf bisa kai, inuwar sanda ta ɓace da tsakar rana. Malamin da ya fito da yaransa fili da sanda da igiya a irin wannan rana ya koya musu awon kusurwa abin da ba za su manta ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce aji ya yi yawa, malami ba zai iya duba littattafai kullum ba. Gaskiya ne. Amma in yara sun duba na juna, malami ya karɓi goma kullum bi da bi, cikin mako guda ya ga hannun yara hamsin. Za a ce da damina yara suna gona, da dare kuma babu fitila. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa aikin gida kada ya wuce tambaya biyar, abin da yaro zai gama tsakanin la'asar da magariba, ko ma kafin ya bar makaranta. Biyar kullum cikin kwana biyar sun zama 25, cikin mako goma sun zama 250. Wannan ya fi a jibga masa hamsin ran Juma'a ya kwafe na abokinsa ran Litinin da safe. Sannu ba ta hana zuwa.

Za a ce kuma, ga kalkuleta ga wayar hannu, ina amfanin wahala? Na'ura aba ce mai kyau, ba na ƙin ta. Jadawalin logaridam shi ma na'urar zamaninsa ne, tun da John Napier na ƙasar Sikotilan ya fito da dabarar a 1614 domin a mayar da ninkawa ta zama tarawa. Amma na'ura abin da ka danna mata shi ta ke ba ka. Yaron da ba zai iya kintata cewa tushen murabba'in 50 ya ɗan ɗara 7 ba, in yatsansa ya kauce na'ura ta ba shi 70, haka zai rubuta. Shawarata, a zangon farko a ajiye kalkuleta, daga baya a ɗauko ta bisa sharaɗin a kintaci amsa kafin a danna.

Masu cewa wannan ilmi na Turawa ne, ba namu ba, su ma ina da amsarsu. Kalmar aljabara daga sunan littafin Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban kashi na littafin a kan rabon gado da wasiyya ya ke. A ƙasarmu kuwa, Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda a ke jera lambobi cikin hatimi, ko wane layi ya ba da jimla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741. A zamanin nan ga Farfesa Iya Abubakar na Adamawa, masanin lissafi wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1975 zuwa 1978. A gaya wa yara waɗannan sunaye tun a makon farko, su san gadonsu su ka zo karɓa.

Saboda haka ina kira ga malamanmu na sashen lissafi, kafin ɗalibi ya fita koyarwar gwaji, a sa shi ya rubuta sharuɗɗan ajinsa da yadda zai kasa darasinsa bisa takarda ɗaya, a duba masa kamar yadda a ke duba shirin darasi. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, ku fara da kanku, ku yi tambaya biyar kullum tun yanzu, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da na zana a nan ba ya bukatar kwabo daga gwamnati. Alli ne da allo da malami mai cika alkawari.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu fita hakkin yaran da za a danƙa mana, amin.

Daga wani malamin lissafi, Zadawa.