Alƙalamin Ɗalibi Da Amanar Mai Karatu

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Diffa, in ya wuce Mirya da Gidimuni, zai iske Gidigir kafin ya isa Gure. Gari ne na kasuwa, inda Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa ke haɗuwa kan cinikin dabbobi da kanwa da dabino da hatsi. A karar dabbobi ta irin wannan kasuwa, baƙo ba ya sayen sa ko raƙumi daga hannun wanda bai sani ba sai da dillali a tsakani. Dillalin nan shi ke tsayawa ya ce ya san mai dabbar, ya san ba ta sata ba ce, kuma in magana ta taso daga baya shi za a nema. La'adar da ake ba shi kuɗin wannan tsayawar ce. Ranar da aka kama shi ya tsaya wa dabbar sata, to cin abincinsa a wannan kara ya ƙare, ko da kuwa alƙali ya sallame shi.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne, 'ya'yan garuruwa irin su Gidigir da Gure da Kelle da Bune yanzu suna cikin jami'o'i, musamman tun daga shekarar 2010 da aka buɗe jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa, aka rage wa Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai nauyin da ta daɗe tana ɗauka ita kaɗai. Waɗannan matasa suna rubutu fiye da yadda iyayensu da malamansu suka taɓa yi a shekarunsu. Suna rubuta aikin aji, suna rubuta kundin kammala karatu da aka fi sani da memuwar, suna rubuta sanarwar ƙungiyoyin ɗalibai, ga kuma abin da suke zubawa dare da rana a Facebook da WhatsApp. In sun koma gida hutu, su ake miƙa wa waya a ce su duba ko labarin nan gaskiya ne. Tsohon da bai yi lakwal ba yana ɗaukar maganar ɗan jami'a da nauyi, domin a ganinsa yaron ya je inda ake sanin abubuwa. Ke nan ɗalibi ya zama dillali tsakanin labari da jama'arsa, ko ya shirya ko bai shirya ba.

A ganinmu abu na farko da ke cin wannan amana shi ne kwafe. Ba sabon ciwo ba ne, malaman jami'a sun daɗe suna kuka da ɗaliban da ke ɗauko memuwar ɗin wani su canza sunan gari da shekara su miƙa. To amma tun daga watan Nuwamba na 2022 da ChatGPT ya fito, kwafen ya sauya kama. Yanzu ba sai an nemi kundin wani ba, na'ura ce za ta tsara maka shafi goma cikin Faransanci mai santsi kafin shayi ya huce. Abin da ɗalibai da yawa ba su gane ba shi ne, wannan na'ura ba ta san gaskiya da ƙarya ba. An cusa mata rubuce-rubuce masu tarin yawa ne, ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Saboda haka in ba ta da amsa, sai ta ƙera wadda ta yi kama da amsa, har da sunan littafi da marubuci da lambar shafi, alhali babu littafin a duniya. A shekarar 2023 wata kotu a birnin New York na Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hukunce-hukuncen shari'a da ba a taɓa yi ba, waɗanda ChatGPT ya ƙirƙira musu. Lauyoyi ke nan, a ƙasar da kusan kome nata yana rubuce. To ina ga wanda ya tambayi na'urar tarihin sarautar Muniyo ko farashin kanwa a Gidigir, abubuwan da ba a rubuta kome a kansu a intanet ba sai ɗan abin da ba a rasa ba? Nan ne ƙirƙirar za ta fi yawa, kuma nan ne mai dubawa zai fi wuyar ganewa.

Ba mu ce a jefar da na'ura ba. Wanda ya yi amfani da ita don gyara nahawunsa, ko don ta fayyace masa darasin da ya shige masa duhu, bai yi laifi ba, muddin ya faɗa in an tambaye shi. Laifin yana wajen sa hannu a kan abin da mutum bai duba ba. Kuma irin wannan bashi yana jiran mai shi ne. Karl-Theodor zu Guttenberg yana ministan tsaron Jamus, ana ganin tauraronsa na haskawa, aka tono cewa ya kwafi sassa masu yawa na kundin digirinsa na dakta. Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin, shi kuma ya yi murabus a watan Maris na 2011. Masu karatunmu na Nijeriya kuwa ba su manta da 1999 ba, lokacin da Salisu Buhari ya sauka daga kujerar Kakakin Majalisar Wakilai kan takardar shaidar Jami'ar Toronto da ba ta fito daga can ba.

Akwai masu cewa ai kowa aro yake yi, har su kawo misalin Abubakar Imam, wanda ya ɗauko labarai daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai ya zuba su cikin Magana Jari Ce. Haka ne, ya ɗauko. Amma ya narka su, ya sa musu rigar Hausa, ya ba su mutane da garuruwa da bakin da mu muka sani, kuma ƙagaggen labari yake rubutawa, bai ce wa kowa binciken ilmi ba ne. Shi wannan Imam ɗin, da aka ɗora masa editancin Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, aikin da aka sa a gabansa har da kashe jita-jitar da ke yawo a lokacin cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. Bugu da ƙari, faɗin inda aka samo magana ba Bature ne ya kawo mana shi ba. Duk almajirin da ya zauna gaban malami a zaure ya san isnadi, ya san cewa malaman hadisi sun yi tafiyar watanni don su ji magana daga bakin wanda ya ji ta, suka kuma rubuta littattafai sukutum kan halayen masu ruwaya, wane mai riƙo ne, wane mai mantuwa ne, wane maƙaryaci ne. Ɗan jami'ar da ke ganin rubuta madogara a ƙasan shafi wahala ce da malami ya ƙaƙaba masa, ya tambayi limamin unguwarsu.

Abu na biyu shi ne gaggawa. Waya ta koya wa matasa cewa wanda ya riga kowa yaɗa labari shi ne gwani. A watan Agusta na 2014, lokacin fargabar cutar Ebola, wani saƙo ya zagaye wayoyin Nijeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An kwantar da mutane a asibiti, an kuma rasa rayuka. Yawancin waɗanda suka tura saƙon ba mugaye ba ne, so suke su ceci 'yan'uwansu. A yanki irin na Gure, inda noma da kiwo ke gogayya a kan fili ɗaya da rijiya ɗaya, hoto guda na shanu cikin gona, wanda wataƙila an ɗauke shi a wata ƙasa shekaru biyar da suka wuce, ya isa ya sa a zaro takobi. Ɗalibin da ya ɗora sunan garinsu a kan irin wannan hoto ya tura, ba zai wanke kansa da cewa shi ma turo masa aka yi ba.

Nan kuma dole mu juya ga hukuma, domin ba ɗalibi kaɗai ke da laifi ba. A 2019 Nijar ta kafa dokar laifuffukan intanet. A 2022 aka yi mata gyara aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, sai kuma a watan Yuni na 2024 gwamnatin soja ta maido da ɗaurin: shekara ɗaya zuwa uku kan ɓata suna, biyu zuwa biyar kan yaɗa abin da aka ce zai ta da hankalin jama'a. A farkon 2022 kotu a Yamai ta yanke wa 'yan jarida Samira Sabou da Moussa Aksar ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka saboda sun sake yaɗa rahoton wata ƙungiya ta ƙasa da ƙasa kan fataucin ƙwayoyi. A Nijeriya kuwa, a ƙarshen 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan 'yan kalmomi da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, aka tsare shi har sai da ƙorafin jama'a ya yi yawa aka janye ƙarar. Muna ganin ya kamata kowane ɗalibi ya san waɗannan dokoki kafin ya danna waya. Amma muna kuma ganin ɗauri ba ya koya wa matashi tantance labari. Abin da yake koya masa shi ne ɓoye sunansa. Sai ya buɗe shafi da sunan bogi ya ci gaba, kuma wanda ba a san sunansa ba ba shi da mutuncin da zai ji tsoron zubarwa. Wanda aka ɓata wa suna yana da haƙƙi, a bi masa ta hanyar tara da tilasta janye magana a bainar jama'a.

Akwai kuma yunwa, wadda ba a cika son ambatonta ba. In kuɗin tallafin karatu ya makara wata da watanni, kamar yadda ɗaliban Nijar suka sha yin yajin aiki a kai, ɗan siyasar da ya miƙo jaka biyar da katin waya don a yabe shi ko a ci zarafin abokin hamayyarsa ya samu kasuwa mai arha. Kanawa suna kiran masu wannan sana'a sojojin baka. Ba ma zagin yaron da ya karɓa, mun san abin da ke cikin tukunyarsa. Sai dai ya sani cewa abin da ya rubuta ba ya gogewa, kuma ranar da zai zo da magana ta gaskiya mai muhimmanci, mutane za su fara tambayar wa ya biya shi a wannan karon.

Jami'ar Damagaram tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin da aka haifa a 1942, ya rasu a 2022. Kafin ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991, abin da ya fara fito da shi shi ne littafinsa na 1971 kan tarihin daular Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya haɗa daga takardun ajiya da kuma bakin dattawa. Har yau masu bincike suna komawa gare shi. Tun kafin shi ma akwai Dorugu, yaron da ya fito daga ƙasar Kance, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi a 1885. Ba shi da digiri, abin da ya gani da idonsa kawai ya faɗa, ga shi ana karanta shi bayan shekara 140. Ɗalibi ɗan Gidigir yana zaune kan irin wannan arziki. Ya san kwarurukan da ake noman rogo da rake da dabino a cikinsu, ya ga yadda tudun rairayi ke matsowa yana cinye su. Ya san masu haƙar kanwa da masu saƙar kaba, ya san ta wace hanya dabbobi ke bi su tsallaka zuwa kasuwannin Nijeriya, ya san abin da faɗuwar naira ke yi wa mai saye da sefa. In ya ɗauki littafi da biro ya zauna kasuwa huɗu a jere yana rubuta farashi, da ranar da ya ji, da bakin wanda ya faɗa, ya samar da abin da babu shi a ɗakin karatu na Paris, kuma na'ura ba ta da inda za ta samo shi. Rubutun da aka yi a kan abin da aka sani yakan fito da sauƙi, ba ya bukatar manyan kalmomi su rufa masa asiri.

A wane harshe? Kundin da mahukuntan Nijar suka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ana iya muhawara kan yadda aka yi hakan da kuma abin da yake nufi ga masu Kanuri da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, kuma muhawarar tana da hujja. Amma ga ɗalibi mai rubutu akwai wata fa'ida ta daban: abin da ka rubuta da Hausa, kawunka na kasuwa zai iya sa a karanta masa ya ce maka ƙarya ne, farashin bai kai haka ba. Wannan mai duba ya fi kwamitin jarrabawa tsanani.

Muna kira ga hukumomin jami'o'i da su fara koyar da yadda ake kawo madogara da tantance labari tun daga shekarar farko, kada a bari sai ɗalibi ya zo rubuta memuwar. A fito da ƙa'ida a rubuce kan amfani da irin su ChatGPT, a daina ɗora wa malami ɗaya kundaye fiye da abin da zai iya karantawa, domin kundin da ba a karanta ba gayyatar kwafe ne. Ƙungiyoyin ɗalibai su ma su riƙa sa suna da ranar wata a kan sanarwarsu, in sun yi kuskure su fito su gyara a inda suka yi shi.

Mu ma 'yan jarida ba mu tsira ba, mun sha buga abin da daga baya muka ji kunyarsa. Shafin wasiƙunmu a buɗe yake ga ɗalibai daga Gidigir da Gure da ko'ina. Wanda zai aiko mana rubutu ya sa sunansa na gaskiya, in yana tsoro mu za mu sakaya shi a bugu amma dole edita ya san shi. Ya faɗi inda ya samu kowane adadi da ya kawo. Ya kuma bar mana lambar da za mu kira shi in wani ya musanta.