Ƙofa ɗaya ga rumbun amsoshin GCC

Manhajar GCC, wadda ke juya rubutun masu shirya manhaja zuwa umarnin da kwamfuta ke ganewa, ta samu wani sashe mai suna Ranger a fitowarta ta 11, shekarar 2021. Aikinsa gano iyakar kowace lamba. Idan ya tabbatar wata ba ta fita daga 0 zuwa 255, sai a share gwajin da ke tambayar ko ta kai 300. Lissafin yana cin lokaci, don haka akan adana amsar a rumbu. Sai dai amsa tana tsufa, kamar littafin sito a majemar Challawa da ke nuna buhun gishiri arba'in alhali an kwashi goma tun da hantsi. Shi ya sa Ranger ke liƙa wa amsoshinsa alamar lokaci. Muddin wurare da dama a cikin GCC ne ke leƙa rumbun, kowanne da salonsa, wata rana ɗaya daga cikinsu zai manta duba alamar. Tattara su a ƙofa ɗaya ba lallai ya ƙara sauri ba, amma masu kiran hakan ɓata lokaci sun yi kuskure, domin tsohuwar amsa kan sa a bar gwajin da ya kamata a share, ba tare da gargaɗi ba.