Cacar Ƙidayar Wasannin Tanis: Bari Mu Yi Lissafin Tare

'Yan'uwa manoma, tun da wayar hannu ta shiga ƙauyukanmu, caca ba ta bukatar tabarma da karta a gindin itace. Samarinmu sun soma da ƙwallon ƙafa ta Ingila. Yanzu kuwa waɗansu sun koma kan tanis, wasan da yawancinsu ba su taɓa ganin filinsa da ido ba. Sun fi son cacar ƙidayar wasanni, gama sun ce ita wannan lissafi ce, mai ƙwaƙwalwa shi ke ci. To, tun da lissafi ne, bari mu yi shi tare.

A tanis mutum biyu su kan kara. Ana raba karawar zagaye zagaye, kowane zagaye kuma a raba shi ƙananan wasanni. Wanda ya fara cin wasa 6 da ratar 2, zagayen nasa ne. In sun yi 6 da 6, sai a yi na raba gardama, a tashi 7-6. A yawancin gasa wanda ya ci zagaye 2 cikin 3 shi ya yi nasara. Saboda haka karawa tana iya ƙarewa da wasa 12 kaɗai, tana kuma iya kai 39. Sai kamfanin caca ya ja layi, a ce 22.5, ya ce ka zaɓa: za a haura, ko ba za a kai ba? An sa rabin nan ne domin kada a yi kunnen doki.

Ku dubi sirantar abin. In aka tashi 7-5, 6-4, wasa 22 ke nan. In aka tashi 7-6, 6-4, wasa 23 ne. Mutum guda ne ya yi nasara, ƙarfinsa bai sake ba, amma kuɗinka ya tafi saboda ƙwallo ɗaya ta fita layi da ɗan yatsa. A gasar Wimbledon ta 2010, inda maza su ke yin zagaye har 5, John Isner da Nicolas Mahut sun buga wasa 183 cikin kwana 3. Wane mai lissafi ne ya hango wannan?

Yanzu ga inda mu ke so ku sa hankali. A ce kamfani ya ba da 1.85 a kowane gefe. Samari biyu sun zuba N1,000 kowanne, ɗaya a kan haurawa, ɗaya a kan rashin kaiwa. Kamfani ya karɓi N2,000, ya biya wanda ya ci N1,850, ya sa N150 a aljihu. Ko wa ya ci, shi bai damu ba. In saurayi ya zuba N1,000 sau 100 ya ci sau 50, watau rabi da rabi, abin da zai komo hannunsa N92,500 ne, ya yi hasarar N7,500. Ko ya ci sau 54 bai mai da uwar kuɗinsa ba tukuna, sai ya kai 55. Mu manoma mun san ɗan awon da ya ke saye da babban mudu ya sayar da ƙarami. Shi ma aƙalla hatsi ya ke ba ka, ka kai gida a tuƙa tuwo.

Sa'an nan akwai abin da waya ba ta nuna maka. Ƙananan gasa sun fi yawa a tanis, akwai waɗanda dukan ladarsu dala 15,000 ce, a raba wa 'yan wasa da yawa waɗanda su ke biyan kuɗin jirgi da masauki da kansu. Irin wannan ɗan wasa ba sai ya sayar da dukan karawa ba. Ya isa ya saki wasa ɗaya ko zagaye ɗaya da gangan, ya komo ya yi nasararsa, ƙidaya kuwa ta riga ta haura layi. Ba zato mu ke yi ba. A 2018 an kori Karim Hossam na Masar daga tanis har iyakar ransa saboda sayar da wasa, a 2020 kuma aka yi wa ƙanensa Youssef haka. A 2023 wata kotu a Beljiyam ta ɗaure Grigor Sargsyan shekara 5 saboda ƙungiyar da ya kafa ta sayen 'yan wasa a ƙasashe da dama. Waɗanda su ka biya cin hancin sun san ƙidayar tun ba a buga ƙwallon fari ba, yaronmu kuwa yana zaune a bakin kasuwa yana duba tarihin 'yan wasa.

A ganinmu tsawa kaɗai ba za ta raba saurayi da wannan abu ba, gama yana ganin iyayensa ba su gane ba ne. Gara a ba shi littafi da fensir, ya rubuta kowace naira da ya zuba da kowace da ya karɓa, har da kuɗin data, daga yau zuwa faɗuwar ruwan fari. Ranar da za a tafi sayen taki, sai a zauna da shi a tara jimla, a auna ta da farashin buhu.