Cacar ƙwallo ta shiga wayoyin 'ya'yanmu

A Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta ce jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca. Amma ko an rufe shaguna, kamar yadda Hisbah ta yi a Kano, matashi a Boɗinga ko Shagari zai buga Bet9ja a wayarsa: za a ci ƙwallo uku, ko ba za a kai ba?

Mu yi lissafi. Mutum biyu sun zuba ₦1,000 kowanne, ɗaya nan, ɗaya can. In ana ninkawa sau 1.85, mai nasara ya karɓi ₦1,850. Ko wa ya ci, kamfani ya riƙe ₦150.

Karin Magana 13:11 ta gargaɗe mu a kan dukiyar gaggawa. 'Yan'uwa, doka kaɗai ba za ta tsare 'ya'yanmu ba. Mu koya musu Maganar Allah, mu koya musu sana'a.