Koyar da ɗaga ƙarfe ma hanyar cin abinci ce

A Agege, Idi-Araba da Sabon Ibadan, da yamma za ka tarar da samarinmu a lungu suna ɗaga gwangwanayen da aka cika da siminti. Iyaye da dama kallon 'yan iska suke yi musu, wai ƙarshenta gadin gidan rawa ko bangar siyasa. Ni kuwa ina ganin akwai sana'a a wurin, sai dai babu mai koyar da ita.

Ku dubi Pavel Tsatsouline, wanda aka haifa a Minsk a 1969, zamanin Tarayyar Sobiyet. Abin da ya tafi da shi Amurka wani dunƙulen ƙarfe ne mai mariƙi, kamar buta marar baki. Rashawa na kiransa girya, Turawa kuma kettlebell. Asalinsa ma ba na wasa ba ne, dutsen awo ne da ake auna hatsi da shi a kasuwa, shi ya sa har gobe nauyinsa ke bin tsohon ma'aunin Rasha: kilo 16, 24, 32. A 2001 ya fara horar da masu koyarwa yana ba su takardar shaida, a 2012 kuma ya kafa makarantarsa, StrongFirst.

Ƙarfen kowa zai iya ƙera shi. Abin da mutumin ya sayar ilimi ne: yadda za ka tura ƙugu baya ka miƙar da gadon baya, ƙarfin ya fito daga cinya da ɗuwawu, da lokacin da ya kamata ka ajiye tun kafin gajiya ta ɓata maka tsayuwa. Wannan ilimin ne ɗan dako a Mile 12 ke bukata, wanda ke sunkuyawa ya cicciɓi buhun albasa da bayansa sau da yawa a rana, daga baya ya koma neman maganin ciwon baya a kemis. Dattawanmu ma na bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya riƙa motsa jikin da ke ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, kuma ba ta cire tsofaffi ba.

Wani zai ce wa zai biya kuɗi don a koya masa ɗaga kaya? A Lekki da Ikeja ana biya, kuma da wuya ka ga Bahaushe cikin masu karɓa. Haɗarin da na yarda da shi shi ne na yaron da ya kalli bidiyo biyu a YouTube ya naɗa kansa koci, ya karya ɗan mutane, ko ya fara tallar allurar kumbura jiki.

Don haka ƙungiya ta zaɓi matasa biyu ko uku, har da mace saboda iyayenmu mata da ba za su shiga wurin maza ba, ta biya musu kuɗin horo na gaskiya da kwas ɗin agajin gaggawa na Red Cross. In sun gama, a ba su wani gefe na filin makarantar Islamiyya bayan sallar asuba.