DANDALIN 'YAN KALLO: Ranar Da Makarantar Jarumai Ta Zama Sansanin 'Yan Gudun Hijira

Magidantan da suka yi ƙuruciyarsu cikin shekarun 1980 ba su manta da Voltron ba, watau ƙaton mutum-mutumin nan da zakoki biyar na ƙarfe kan haɗu su zama shi, wanda gidan talbijin na NTA ya riƙa nunawa. Asalin zanen nan daga ƙasar Japan ya fito, ko da yake ta hannun Amurkawa ya iso Nijeriya. To, ga shi yau 'ya'yansu sun koma wa zanen Japan ɗin, wanda ake kira anime, sai dai su ba sa jiran a buɗe tasha da yamma. A wayar hannu suke kallonsa, ko dai su sauko da shi daga intanet, ko kuwa su miƙa wayar ga masu tura fina-finai a bakin kasuwa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa da yin suna shi ne My Hero Academia, watau Makarantar Jarumai, kuma zangonsa na shida shi ne abin da wannan fili zai auna a makon nan. Ma'aunin kuwa birnin Yerwa ne, domin abin da masu zanen suka ƙago a takarda, mutanen Maiduguri sun gan shi da idanunsu.

Wani mai zane mutumin Japan, Kohei Horikoshi, shi ya fara buga labarin a mujallar Weekly Shonen Jump cikin watan Yuli na 2014, bai kammala ba sai a watan Agusta na 2024, bayan babi 430. Kamfanin Bones ya mai da shi hoto mai motsi tun daga watan Afrilu na 2016, aka yi ta tafiya zango bayan zango har zuwa na takwas, wanda ya rufe labarin a ƙarshen 2025. A duniyar da aka tsara, mutum 80 cikin kowane 100 ana haifarsu da wata baiwa ta daban: wani wuta ce ke fita daga tafinsa, wani yana da fukafukai, wani kuwa duk abin da ya taɓa sai ya zama ƙura. Jarumta ta zama sana'a mai lasisi da albashi, har da jerin gwanaye da ake fitarwa kamar na 'yan ƙwallo. Yaron da labarin ke bi, Izuku Midoriya wanda ake yi wa laƙabi da Deku, an haife shi ba shi da kowace baiwa, sai babban jarumin ƙasar, All Might, ya gadar masa da tasa, ya shiga makarantar U.A. inda ake horar da jarumai.

Zanguna biyar na farko yawancinsu zancen makaranta ne, da jarrabawa da gasa da koyon aiki, har na biyar ya gundure mutane da yawa saboda jan ƙafa. Na shida, wanda aka nuna daga watan Oktoba na 2022 zuwa Maris na 2023 cikin fitowa 25, ya shigo ne ba sallama. Jarumai suka yi gayya suka auka wa maɓoyar miyagu a wurare biyu lokaci guda, da nufin gama su kafin shugabansu Tomura Shigaraki ya farka daga aikin da wani likita ke yi masa a asibitin birnin Jaku. Shigaraki ya farka. Ya ɗora hannu a ƙasa, unguwanni suka bi juna suna rugujewa. Daga nan har tsakiyar zangon mai kallo ba ya samun sararin shan ruwa, kuma zanen da kiɗan da Yuki Hayashi ya tsara sun ɗauki nauyin da aka ɗora musu.

Amma ba faɗan ne ya ɗaukaka rabin farkon nan ba. Abu biyu ne. Na farko, jarumi Hawks ya kashe Twice, mutumin da ya amince da shi ya ɗauke shi aboki, ya soke shi ta baya, kuma masu shirin ba su wanke shi ba, ba su kuma ce ya yi kuskure ba. Na biyu, mugun nan Dabi ya sa aka watsa jawabinsa a talbijin na ƙasa baki ɗaya, ya bayyana cewa shi ne Toya, babban ɗan Endeavor, jarumi na ɗaya a ƙasar, ya tona yadda uban ya gallaza wa matarsa da 'ya'yansa saboda kwaɗayin suna. Wanda ya saba da finafinan Indiya, inda jarumi fari ne tas, bos kuwa baƙi ƙirin, zai ga an ɗauke shi zuwa wani wuri dabam.

Rabi na biyu shi ne inda zancen ya shafi Yerwa. An ci yaƙin a suna kawai. An fasa gidan yarin Tartarus da wasu gidajen yari, fursunoni suka bazu cikin gari. Jarumai da dama suka ajiye aiki don ba za su iya jure zagin jama'a ba. Talakawa suka daina jiran hukuma, suka nemi makamai suka kama tsaron unguwanninsu, wani lokaci ɓarnar da suke yi ta fi ta ɓarayin. Sai gwamnati ta ce kowa ya bar gidansa ya koma makarantun jarumai, aka kewaye U.A. da ganuwar ƙarfe, ta cika maƙil da mata da yara da tsofaffi.

Ba sai an yi wa mutumin Gwange ko Hausari dogon bayani ba. A 2013 ne samarin Maiduguri suka ɗauki gora da adda suka tsaya a bakin layukansu suna binciken masu shiga da fita, abin da ya haifar da 'yan Kato da Gora. A watan Maris na 2014 aka kai hari barikin Giwa aka saki tsararru, a watan ne kuma gwamnatin Jihar Borno ta rufe makarantu. Da Gwoza da Bama suka faɗi a hannun 'yan Boko Haram cikin wannan shekarar, makarantun gwamnati na cikin birni, irin su Kwalejin Gwamnati ta Maiduguri da Kwalejin Horon Malamai Mata, suka koma masaukin 'yan gudun hijira, wasu ba su ga allo da alli ba sai a 2016. Ko fashewar gidan yari ma an sake ganinta: a watan Satumba na 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye birnin, katangar gidan yarin Maiduguri ta rushe, fursunoni fiye da 270 suka tsere. Saboda haka wanda ya zauna a Yerwa cikin shekarun nan yana da ikon ya ce wa masu zanen: nan kun dace, nan kuwa kun yi zuƙu.

Inda suka dace shi ne wajen nuna yadda tsoro ke sauya halin mutanen kirki. Akwai wata doguwar mace mai siffar dabba wadda 'yan tsaron unguwa suka buɗe wa wuta cikin ruwan sama don kawai kamanninta sun tsorata su, sansani bayan sansani kuma aka ƙi karɓarta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shinge ana duban fuskarsa da tufafinsa da sunan garinsu kafin a dubi takardarsa ya san wannan mace. Akwai kuma Deku kansa, wanda ya gudu daga makaranta don ya san shi miyagun ke nema, ya shiga yawo shi kaɗai yana ceton mutane, ba barci ba wanka, har kayansa suka yi daƙal-daƙal, waɗanda yake ceto suka koma gudunsa. 'Yan ajinsu suka bi shi suka kamo shi da ƙyar. Da suka iso ƙofar makarantar, 'yan gudun hijirar da ke ciki suka taru suna ihu a fitar da shi, tun da an yi musu alkawarin tsaro, ga shi kuma an kawo musu wanda maƙiya ke farauta.

Wannan shi ne wuri mafi kyau a zangon duka, domin taron jama'ar nan ba miyagu ba ne, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Sun rasa gidaje, sun rasa dangi, sun ga ƙaryar manya. Sai wata yarinya 'yar ajinsu, Ochaco Uraraka, ta karɓi lasifika ta hau rufin gini, ta nuna musu yaron da laka a jikinsa, ta roƙe su su bar shi ya kwanta ya huta, tun da shi ma ɗan makaranta ne. Tambayar da labarin ya daɗe yana kewayawa ta fito fili a nan, watau wa zai kula da mai tsaro in shi ma ya gaji. Wanda ya kalli wurin nan bai ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro ba, lalle zuciyarsa ta yi kanta.

Sai dai daga nan ne rauni ya fara bayyana. Jawabi guda ya isa, wani ƙaramin yaro da doguwar macen nan suka ruga wurin Deku, wani magidanci ya sa baki, taro ya buɗe hanya, aka wuce wurin. Yerwa ta san ba haka abin yake ba. Tun daga 2021 da dubban mayaƙa da iyalansu suka fara fitowa daga daji suna miƙa wuya, aka tara da yawansu a sansanin alhazai na Maiduguri, har yau muhawara ba ta mutu ba game da wanda za a karɓa da wanda ba za a karɓa ba, kuma matar da aka kashe wa miji ba lasifika za ta sauya mata zuciya ba. Labarin ya taɓo irin wannan tambayar sa'ad da Deku ya ce yana so ya ceci yaron da ya hango yana kuka a cikin Shigaraki, amma ba a ba waɗanda Shigaraki ya maraya bakin magana ba.

Sansanin kansa ma na zane ne kurum. Ba a ga layin karɓar abinci ba, ba a ga rigimar ruwa ko ta makewayi ba, ba a ga mai naƙuda ba, ba a ji inda karatun 'ya'yan talakawan ya kwana ba. 'Yan gudun hijirar taro ne kawai mai ihu, in ban da iyayen ɗalibai da mutum biyu ko uku. Babu kuma ko alamar abin da ya riƙe Maiduguri a zahiri, watau maƙwabci. Mafi yawan waɗanda suka gudo birnin ba a sansani suka sauka ba, a gidajen 'yan'uwa da na waɗanda ba su taɓa sani ba suka sauka, mai ɗaki biyu ya ba da ɗaya, tukunyar mutum takwas ta ciyar da ashirin. Labarin da ke wa'azin cewa kada a bar wa jarumai komai, ya kasa zana talaka guda yana yin wannan.

Rauni mafi girma kuwa shi ne sha'anin yara. Deku da 'yan ajinsu shekarunsu 16 ne ko ƙasa da haka, an kai su bakin daga, malamarsu Midnight ta mutu suka iske gawarta. An nuna hawayensu, an nuna fargabar iyaye, amma ba a tsaya an tuhumi manyan da suka tura su ba, ƙarshenta ma abin ya koma abin alfahari. A Borno an san amsar wannan. A 2017 'yan Kato da Gora suka sa hannu a kan yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su daina amfani da yara, a watan Mayu na 2019 kuma aka sallami yara 894 daga cikinsu a rana ɗaya a Maiduguri. Ba don yaran ba su da zuciya aka sallame su ba.

Haka nan aka yi wa Lady Nagant, tsohuwar jarumar da ta tona cewa hukumar kula da jarumai ta sa ta kashe mutane a ɓoye don kare martabar sana'ar. Zargi ne da ya isa a gina zango guda a kansa, sai aka gama da ita cikin 'yan fitowa, ba bincike ba shari'a. Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne, kuma masu kallo sun saba da su: yawan komawa baya ana tuna abin da aka riga aka gani, da tsayar da naushi a sama har sai jarumi ya gama dogon tunani, da sababbin baiwa da ke zubo wa Deku ɗaya bayan ɗaya daidai lokacin da yake bukata. Mirko ta rasa hannu, Aizawa ya yanke ƙafarsa, amma mutuwar Midnight a bayan fage aka yi ta.

Duk da haka zango na shida ya fi na biyar nesa ba kusa ba, kuma ya fi na bakwai zurfi, domin na bakwai, wanda aka nuna a 2024, ya koma fagen daga kusan gaba ɗayansa. Wanda bai taɓa kallon labarin ba ba zai gane kan zancen ba in ya fara daga nan, ko ba komai sai ya san tarihin Shigaraki da aka bayar a ƙarshen zango na biyar, inda yana yaro ya yi ta gararamba a titi jina-jina, masu wucewa suna kau da kai suna cewa ai wani jarumi zai zo. Iyaye kuma su lura, kasancewarsa zane bai mai da shi abin kallon ƙananan yara ba. Akwai jini da ƙuna da rugujewar gidaje, kuma a gidan da aka taɓa gudu da tsakar dare, ya kamata babba ya fara kallo kafin a miƙa wa yaro wayar.